Bayani Ga Mai Son Ƙara Batirin Litiyam A Kan Wanda Yake Da Shi

 A wannan karo mun ɗan ajiye zancen farashin gero da dawa da masara, saboda wata mas'ala da ake yawan tsare mu da ita a rumfa a Dawanau da kuma ƙofar gida a Giginyu. Watau mutum ya sa sola da batirin litiyam, ya raba gari da layin wuta, sai ya ga batirin ba ya kai shi asuba, yana so ya sayo wani ya ɗora a kai. Mu dai ba injiniyoyi ba ne, awon hatsi muka iya. Amma mun bi wannan hanya da ƙafarmu, mun yi asara a cikinta, sa'an nan muka zauna da masu aikin muka yi ta tambaya har muka gane. Abin da muka gane shi za mu faɗa.

Kowa ya san abin da ya kai mutane ga sola. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu, kunna janareta kowane dare ya gagari mai gida. A watan Afrilu 2024 kuma aka kai kuɗin wutar masu rukunin Band A naira 225 kowane yunit. Sa'an nan a Oktoba na shekarar layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano ta yi fiye da mako guda cikin duhu. A kwanakin nan gidanmu ya koma tashar cajin waya, maƙwabta na kawo ruwa a sa musu a firji, batirin da da yake kai mu safe ya riƙa mutuwa tun ƙarfe biyu na dare. Daga nan muka ƙudurta ƙari.

To, kafin a je kasuwa akwai tambaya guda, wadda mai sayar da batir ba zai yi maka ita ba. Batir rumbu ne, farantan sola su ne gona. Wanda gonarsa ke ba shi dami hamsin, in ya gina rumbu na biyu dami hamsin ɗin dai zai raba gida biyu. Hanyar ganewa kuwa mai sauƙi ce, ba ta bukatar ko kwabo. Ka yi mako guda kana duba fuskar inbata, ka ga da ƙarfe nawa batir yake cika ɗari bisa ɗari. In yana cika kafin azahar, to kana da rarar rana tana zubewa a banza, ƙarin batir zai amfane ka. In kuwa sai la'asar yake cika da ƙyar, ko ma ba ya cika, to faranti za ka fara ƙarawa. A ranar Kano faranti mai wat 550 yana ba da yunit 2 zuwa 2 da rabi a yini in an wanke shi, batir kuwa na ƙa'ida mai amfiya 100 yana cin yunit 5. Ke nan kowane batir guda da aka ƙara yana neman faranti biyu ko uku nasa na kansa. Kuma a yi wannan lissafi da munanan watanni, watau lokacin hazon hunturu da ƙura ke kwanciya a kan faranti, da watan Agusta da hadari ke rufe sama. Shi ma ƙarin faranti yana da iyaka, an rubuta a jikin inbata yawan bolt ɗin da take iya karɓa, kada a wuce shi.

Haka nan a sani, ƙarin batir yana tsawaita dare ne kawai. Inbata mai ɗaukar wat 5,000 ko ka jera mata batir goma wat 5,000 ɗin za ta ɗauka. Mai son kunna esi da injin rijiyar burtsatse da dutsen guga a lokaci ɗaya, zancensa da inbata ne.

Yanzu sai ainihin maganar. Mu 'yan hatsi mun saba da cewa in sito ya cika sai a kama na gefensa, wannan bai san abin da ke cikin wancan ba. Batir ba haka yake ba. Da zarar an haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, abin da masu aikin ke kira faralel, to su biyun sun zama jiki ɗaya, ƙarfin bolt ɗinsu dole ya zama ɗaya ko suna so ko ba sa so. Duk wata ɓarna da muka gani ko muka ji daga nan take fitowa, an haɗa biyu da ba su dace da juna ba.

Dacewa ta farko ita ce jinsi. Batirin ruwa, wanda ake kira tubula, ba a gama shi da litiyam ko kaɗan, domin cajinsu daban, yadda suke sauka daban. Litiyam ɗin ma ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya dace da gida shi ne mai rubutun LiFePO4 ko LFP a jiki, kowane ɗa daga cikin 'ya'yan da ke cikinsa, waɗanda ake kira sel, bolt 3.2 yake. Masu bincike a jami'ar Texas ta Amurka ƙarƙashin John Goodenough ne suka fito da wannan haɗi wajen 1996 da 1997, mutumin da aka ba kyautar Nobel a 2019, yau kuma mafi yawansa a ƙasar Sin ake ƙera shi. Akwai wani jinsin mai bolt 3.6 ko 3.7, irin na cikin kwamfutar hannu da wasu motocin lantarki. Shi ya fi saurin kama wuta in ya yi zafi ko an wuce masa caji. Ana samun masu tattara tsofaffinsa su jera a akwatin ƙarfe su fesa fenti su sayar da araha. Wannan ko kyauta aka ba mu ba ma kwana da shi a gida, balle mu gama shi da na kirki.

Dacewa ta biyu ita ce yawan 'ya'yan, kuma a nan ne aka yi mana sakiyar da ba ruwa. A kasuwa duk batirin babbar inbata sunansa "mai 48". Alhali kuwa iri biyu ne. Akwai mai sel 15, wanda 15 sau 3.2 ya ba da bolt 48 daidai. Akwai mai sel 16, wanda lissafinsa bolt 51.2 ne. Mai 15 ba aibi gare shi ba, manyan kamfanoni irin su Pylontech suna yin sa, kaya ne mai kyau in yana tare da 'yan'uwansa. Illar tana cikin gama su. Kowane sel iyakar cajinsa bolt 3.65 ne. Mai 16 ana kai shi bolt 56 ko 57 kafin a ce ya cika, mai 15 kuwa in ya wuce 54.75 ya shiga haɗari. In ka saita inbata don mai 16, ka takura mai 15 kullum rana. In ka sauko da ita don mai 15, mai 16 ba zai taɓa cika sosai ba, 'ya'yansa kuma ba za su daidaita ba. Babu wani saiti a tsakiya da zai gamsar da su biyun.

Mu namu na farko mai 16 ne. Muka aiki wani yaro mai haɗa sola ya sayo mana na biyu, muka ce masa mai 48 mai amfiya 100, ya je ya kawo, ya ce ya samu rangwame. Ya ɗaura waya, da ya kai ta bakin batir sai tartsatsi ya tashi har ya ja da baya, ya ce ai haka suke yi. Kwana uku kullum da tsakar rana sabon yana ƙara yana kashe kansa. Sai da muka kira wani dattijo a cikin masu aikin, bai ko taɓa sifana ba, ya duƙa ya karanta takardar da ke manne a gefe. Ɗaya an rubuta 5.12kWh, ɗaya an rubuta 4.8kWh. Ya ce, "Alhaji, ai ka gama kwano da mudu ne." Mai kanti da fari ya ƙi karɓar kayansa saboda an yaga kwali, sai da aka sa baki ya karɓa, muka bar masa wani abu mai ciwo a kai. Rangwamen da yaron ya ce ya samu, kuɗin sel ɗin nan guda ne da babu shi a ciki. Don haka kada a tsaya ga abin da baki ya faɗa, a karanta jikin batir, 48 ko 51.2, a kuma nemi mai kanti ya nuna yawan sel a kan allon batirin ko a waya.

Abin da ya hana mu gobara a kwanaki ukun nan wani ɗan allo ne da ke cikin kowane batirin litiyam, ana ce masa BMS. Shi ne mai gadi. Yana lura da kowane sel, in caji ya wuce ko ya sauka ƙwarai ko zafi ya yi yawa sai ya yanke. Amma mai gadi don ranar tsautsayi aka ɗauke shi, in aka mai da shi makunni yana yankewa kullum, wata rana zai gaza. Sa'an nan waɗannan masu gadi suna magana da juna da kuma inbata ta wata siririyar waya irin ta intanet. Na kamfani ɗaya suna jin harshen juna. Sai a naɗa ɗaya shugaba, a ba kowane lambarsa da 'yan makunnan da ke gabansa, wayar shugaban ce kaɗai ke zuwa inbata. Na kamfani daban daban galibi ba sa jin juna, inbata sai ta riƙa ganin guda ɗaya tana lissafi da shi, kuma in wani abu ya faru kowane mai kanti zai ce garanti ya faɗi tun da an gama masa kaya da na wani. Shi ya sa muke ganin gara a nemi kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, girma ɗaya, ko da ya fi tsada. Littafin batirin yana faɗin guda nawa aka yarda a jera.

Ana tambayarmu, to tsoho da sabo fa? A batirin ruwa wannan mummunan haɗi ne, tsohon yana cinye sabon. A litiyam abin ya fi sauƙi. In tsohon shekara biyu ko uku ya yi kuma lafiyarsa ƙalau, ana gama su, sai dai sabon zai riƙa ɗaukar kaso mafi yawa na aikin. Amma in tsohon ya kumbura, ko yana faɗowa daga kashi 40 zuwa sifiri farat ɗaya, ko allonsa na nuna sel guda ya yi nesa da sauran, to a fara gyara shi ko a fitar da shi.

Dacewa ta uku ita ce cika, watau ranar haɗin kanta. Sabon batir ba ya zuwa a cike, daga masana'anta rabi ko ƙasa da rabi ake turo shi. Naka na gida kuwa da rana yana iya zama a cike maƙil. Ku kwatanta da tankin ruwa biyu, ɗaya a cike ɗaya a ƙasa, aka huda tsakaninsu da ƙaton bututu. Ruwan zai kwarara da ƙarfi har su yi daidai. Litiyam ƙofarsa faffaɗa ce ƙwarai, bambancin bolt 5 ko 6 tsakanin cikakke da wanda ya kusa ƙarewa yana iya tura amfiya 200 nan take, alhali mai gadin amfiya 100 aka yi shi ya ɗauka. Tartsatsin da yaronmu ya ce haka suke yi, wannan ne. Yana iya ƙona BMS, yana iya narka bakin waya, yana iya cin hannun mai aiki.

Akwai kuma wata yaudara a nan da ko masu aikin wasunsu ba su lura da ita ba. Irin wannan batir daga wajen kashi 20 har zuwa kashi 90 bolt ɗinsa kusan a tsaye yake, tsakanin 52 da 53 da 'yan kai. Sai ka sa mita ka ga su biyun sun yi kusa, alhali ɗaya yana kashi 30 ɗaya yana kashi 70. Saboda haka hanyar da ta fi aminci ita ce a cika kowane shi kaɗai. A cire tsohon bayan ya cika, a ɗora sabon a kan inbata shi ma ya cika, a bar su su huta awa ɗaya ko biyu, sa'an nan a auna. In bambancin bai kai rabin bolt ba, a haɗa. In littafin kamfanin ya faɗi abin da ya fi wannan ƙunci, a bi littafin. Wannan yana cin yini guda, shi ya sa mai aikin da ke da gida uku a gabansa ba ya son yi. A biya shi kuɗin yinin, ya fi arha.

Sai hanyar da wuta ke bi. Inbata mai wat 5,000 tana jan wajen amfiya 100 daga batir in an cika mata kaya, wannan kuwa yana neman waya mai kauri 25 ko 35, ta jan ƙarfe tsantsa. Akwai algus a waya kamar yadda yake a hatsi, alminiyam ne ake shafa wa jan ƙarfe a baya. A kankare bakinta da wuƙa, in cikin ya fito fari to ita ce, kuma a hannu ma ba ta da nauyi. Wayoyin batiran biyu su zama tsawo ɗaya kauri ɗaya, domin wuta gajeriyar hanya take so. In aka jona na biyu a bayan na farko aka ɗauki ja da baƙi duka daga na farko, shi zai yi ta wahala ɗan'uwansa na hutawa, ya tsufa da wuri. In biyu ne kawai, a ɗauki ja daga wannan, baƙi daga wancan. In uku ne ko fiye, a sa sandar jan ƙarfe guda biyu da ake kira basba, kowane batir ya kawo wayarsa can.

Kowane batir kuma a ba shi fis ko bireka tasa a kan jar waya, kusa da bakinsa, ga mai amfiya 100 akan sa ta 125. Dalili shi ne in ɗaya ya lalace daga ciki, sauran za su juye masa duk abin da ke cikinsu, fis ɗin ne zai raba su. A lura da kyau, birekar wutar gida ta AC ba ta yin wannan aiki. Wutar batir DC ce, ba ta kai da komowa, in ta yi tsalle tsakanin baki biyu ba ta mutuwa da kanta, birekar da ba tata ba sai ta narke tana ci. A duba a ga an rubuta DC a jiki da yawan bolt ɗin da take ɗauka.

Lokacin ɗaurin a kashe faranti da inbata da batiran duka. Mai aiki ya cire agogo da zobe, ya naɗe sifanarsa da tef, ya tabbatar da ja da baƙi da mita kafin ya ɗaure, kada ya dogara ga launin waya. Bayan an gama a koma saitin inbata, a gaya mata yawan amfiyar da za ta riƙa caji da ita yanzu. Batir guda mai amfiya 100 an fi so a caje shi da 50, biyu kuwa suna karɓar 100 a tare in inbata da faranti za su iya bayarwa.

Masu ƙananan batira na bolt 12 guda huɗu da aka jera kai da gindi don su ba da 48, ku kuma ba a ƙara muku ɗaya ko biyu. Sai dai a kawo wasu huɗu cur a yi musu nasu jerin, sa'an nan a gama jeri da jeri, in kamfanin ya yarda da hakan.

Wajen ajiya ma abin dubawa ne, domin ɗakin da ya ishi batir ɗaya ba lalle ya ishi biyu ba. Kamfanoni suna rubuta cewa batir zai yi cika da sauka sau 6,000, wanda in sau ɗaya ne a rana ya haura shekara 16. Amma a ƙasan rubutun da ƙananan baƙaƙe za ka ga a ma'aunin zafi 25 aka gwada. Mu kuwa a watan Afrilu Kano tana taɓa 40 a inuwa, ɗakin kwano marar silin ya fi haka nesa. Zafi yana cin kwanan litiyam a hankali ba tare da ka gani ba. A nema musu ɗaki mafi sanyi a gidan mai shigar iska, a ɗaga su daga ƙasa saboda ruwan damina, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu, kada a jingina su da jarkar fetur ko katifa, kada kuma ya zama ɗakin da yara ke kwana. Ga wata kuma ta musamman ga 'yan'uwanmu masu hatsi. Kada a sa batir ko inbata a siton da ake turara buhuna da ƙwayar Phostoxin. Hayaƙinta yana cin jan ƙarfe, zai lalata allon BMS da bakin wayoyi ko da batirin sabo ne fil.

Wajen ciniki ba za mu rubuta farashi ba, domin yana bin dala, na yau daban na jibi daban. Amma a yi masa lissafin da muke yi wa buhu. Ba wanda ke sayen buhu bai tambayi kwano nawa ne a ciki ba, 40 ne ko an rage. A raba kuɗin batir da yawan yunit ɗin da aka rubuta a jiki, sa'an nan a gwada na wannan kanti da na wancan, ko a Sabon Gari ne ko a wani wuri. A ɗora shi a sikeli in da hali. Mai yunit 5 na gaskiya yana tsakanin kilo 40 da 50, kusan rabin buhun masara, wanda yaro ya ɗaga da hannu ɗaya kuwa akwai magana. A karɓi rasiti mai lambar batirin da shekarun garanti, a kuma yi sharaɗi tun a gaban shaidu cewa in sel ɗinsa bai yi daidai da na gida ba za a mayar. Awon ƙarshe a gida ake yin sa kafin a haɗa. A cika shi, a ɗora masa kaya na wat 1,000, mai yunit 5 ya kamata ya haura awa huɗu.

Daren farko bayan haɗi a kunna kaya masu nauyi na awa guda, sa'an nan mai aiki ya maƙala mitarsa a wayar kowane batir a ga yadda suka raba aikin. In ɗaya na ba da 22 ɗaya 18 babu laifi. In ɗaya na ba da 35 ɗaya 5 akwai wayar da ba ta ɗauru ba ko ta fi 'yar'uwarta tsawo. A taɓa robar da ke kusa da bakin kowace waya da bayan hannu, ɗumi kaɗan ba komai, wadda ta yi zafi a kashe a sake ɗaure ta. Bayan mako biyu a sake kiran mai aikin ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya, domin suna saki bayan sun sha zafi da sanyi. Namu da aka dawo dubawa an samu biyu sun saki.